Kiyashi a Bakin Tankin Gazwal

Da hantsi, a gaban idon jama'a, sabuwar sharyon Alhaji Mailafiya ta mutu.

Sharyo ita ce motar ɗaga kaya, mai yatsun ƙarfe biyu a gaba, wadda ke zura su ƙarƙashin tulin buhuna ta ɗaga kamar ba komai ba. Sabitu direba ya tashe ta, ta ɗauki shinkafa, ko gusawa daga wurin kwananta ba ta yi ba sai ta kama tari. Ta fesa farin hayaƙi, ta yi karkarwa, ta yi tsit. Ya yi ta murɗa makulli har gumi ya jiƙa masa riga, ko motsi.

Ya sauko yana huci. "Wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne. An zuba mata wani abu a tanki."

Lokacin kuwa shekarun da fetur ya buɗe wa Gabon ne. Libreville ta haukace da gine-gine, jiragen ruwa suna layi, kowa da abin da yake saukewa. Siton Alhaji na Port Môle ya cika da shinkafa da fulawa da tumatirin gwangwani har 'yan dako suka kasa. Sai wani kamfani ya ba shi aron sharyo biyu, ya gwada ya zaɓi ɗaya: mai shan gazwal, wato man dizal, da mai tukunyar gas a bayanta. Irin mai shan fetur kuwa tun farko Alhaji ya ce a kai kasuwa, don ya san halin direbobi, rabin man a tankin taksi zai ƙare. Ran nan ne ranar zaɓe, kuma kowa ya san zuciyarsa na kan mai gazwal. Ga ta nan kuwa a mace, kayan mutane, abin da ya fi gida tsada.

Mutum uku ne ke da makullin rumfar da take kwana: Alhaji, da Sabitu, da Hammadi shugaban 'yan dako, wani dogon Bafillacen Kamaru. Nan take ido ya koma kan Hammadi.

"A kira mini mijin Raliya," in ji Alhaji.

*

Mijin Raliya shi ne Jika. Shago ne da shi a Lalala, amma kafin ya zo Gabon bin sawun ɓarayin shanu yake yi a ƙasar Gumel, kuma har a nan in aka fasa wa Bahaushe shago shi ake nema. Raliya 'yar Alhaji ce. To, kun san surukuta irin ta mutanen da. Tun da aka ɗaura auren nan Jika bai taɓa kama sunan Alhaji ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ɗaga kai ya dubi fuskarsa ba. In da za a ce ya siffanta hancin surukinsa, wallahi sai dai ya yi ƙarya.

Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ido a ƙasa.

"Baba, an wuni lafiya? Ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya kiyaye gaba."

"Amin. Duba mini ita. Ina son in san maƙiyina kafin azahar."

Jika ya kewaya sharyon. Gabanta da gefenta duk an tattake, 'yan kallo sun gama da ƙasar. Ya leƙa ta saman kujera ya hango murfin tanki a ɓangaren bango. Kiyashi ne suka yi layi, suna hawa suna sauka, sun yi wa murfin zobe.

Nan fa Jika ya yi abin da ubangidansa na daji ya sha dukansa a kai: ya yi magana kafin ya gama duba. Me ya kai shi? Son ya burge suruki, ba wani abu ba.

"Kiyashi ba sa bin gazwal," ya ce. "Abu mai zaƙi aka zuba."

"Sukari!" in ji Sabitu. "Na rantse sukari ne! Haka ake kashe inji!"

Kafin Jika ya rufe baki an yi kan Hammadi. Aka zazzage aljihunsa, sai ga ƙwayoyin sukari ƙunshe a takarda sun zube a ƙasa. Wani ya tuna ranar da aka kawo motocin Hammadi ya ce ƙarfen nan zai cinye abincin 'ya'yansu. Sabitu ya kwaɗa masa mari. Aka ja shi aka kulle a ɗakin ajiyar igiyoyi.

"In an sauko daga azahar a kai shi kamisariya," in ji Alhaji, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Kowa ya san ma'anar wannan. Hammadi ba shi da katin zama. In ya shiga hannun 'yan sanda, ba maganar sharyo kuma, jirgi za a sa shi a fitar da shi ƙasar, matarsa da yaransa su wayi gari a Alibandeng ba mai ciyar da su.

*

Abin ya tsaya wa Jika a rai. Ya je ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin igiyoyi.

"Hammadi, sukarin nan fa?"

"Na shayi ne, Malam Jika. Kai ma ka sha shayina a wurin nan, ko ka manta?"

Bai manta ba. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ka ce ƙarfen zai cinye abincinku."

"Na faɗa, yanzu ma na faɗa. Amma jiya da hannuna na share mata rumfa, na yayyafa ruwa don ƙura. Mai son kashe abu zai share masa wurin kwana?"

"Da safe wa ya buɗe rumfar?"

"A buɗe na same ta. Na ɗauka Sabitu ne."

Sabitu kuwa yana gindin bango yana goge hannu da tsumma. Jika ya zauna kusa da shi.

"An ce kai ba ka son mai gazwal."

"An faɗi gaskiya. Malam Jika, aikinmu rabi a cikin sito yake. Ka shiga da mai gazwal ka rufe ƙofa saboda ruwan sama, kafin la'asar idonka ya yi ja, fulawa ta ɗauki warin hayaƙi. Mai gas ba ta da wannan. Na gaya wa Alhaji, ya ce a'a, shi ƙarfi yake so, wadda za ta hau gangaren bakin ruwa da kaya, ta ratsa taɓo ba ta nishi, ga gazwal ko'ina akwai, tukunyar gas kuwa sai an jira. Shi ma da gaskiyarsa. Amma don ba na son ta sai in kashe ta? Wa za a fara tuhuma in ba direba ba?"

"Kai ka buɗe rumfar?"

"Ni? A buɗe na tarar."

Saura Ahmadou, wakilin kamfanin, wanda ke ta safa da marwa da jakarsa a hammata. Jika ya tare shi.

"Ashe in mota ta lalace a hannun mai gwaji, ta zama tasa?"

"Haka ƙa'idar take."

"To kai ka huta, ka sayar."

Ahmadou ya yi dariyar takaici. "Malam, ciniki irin wannan ba ya ɗorewa. Alhaji zai ƙara sayen ko ƙusa a wurina? Kuma tun jiya ina Owendo, da taksin safe na zo, tambayi direban, ga shi can yana jirana. In kana son sanin abin da ta sha, kwance ƙusar da ke gindin tankin. Duk abin da ya fi gazwal nauyi can yake kwanciya."

*

Sabitu ya shiga ƙarƙashi ya kwance ƙusar, Jika ya tara kwano. Abin da ya fara fitowa ba gazwal ba ne, ba kuma dunƙulen sukari ba. Ruwa ne, baƙi-baƙi, kamar an wanke tukunya. Sabitu ya ce tsatsa ce, ya tafi abinsa. Sabuwar mota da tsatsa?

Jika ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Bayan ɗacin gazwal sai ya ji zuma. Bayan zumar sai wani ɗanɗano da duk ɗan Bahaushe ya sani tun yana goye: gawayi da ƙaro, tawadar allo. Rubutun sha ne.

Ya matsa ya shiga ɗan lungun da ke tsakanin sharyon da bango, inda ba wanda ya taka, inda ya kamata ya fara dubawa tun da safe. Ƙasar a share take, da ɗan danshi, ta riƙe komai kamar an buga hatimi. Ga shaidar takalma biyu an ajiye su a jere, an tuɓe su cikin natsuwa. Ga da'irar gindin ƙoƙo. Ga kuma sawun ƙafa biyu ba takalmi, sun ba teku baya sun fuskanci alƙibla, sun nutse sosai, alamar mai su ya daɗe a tsaye.

Ɓarawo ba ya tuɓe takalmi, mugu ba ya neman alƙibla. Wannan addu'a ya tsaya yi.

Jika ya sunkuya a kan sawun, da ma bai sunkuya ba. Babban yatsan dama ya karkace ya hau na kusa da shi. Diddigen hagu da tsaga, ta yi ɗan layi a ƙasa. Allah sarki! Shekara da shekaru mutane na kallon fuskar Alhaji Mailafiya, shi kuwa Jika waɗannan ƙafafun kaɗai yake kallo. Ya fi sanin su a kan nasa.

Ya zauna daɓas a lungun. Tsintsiyar Hammadi na jingine da bango, hannu ɗaya zai kai ya share wurin, shi ke nan. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Daga baya ya jawo wani faifan katako ya rufe sawun, ya fito.

*

Ya faɗa taksi sai Lalala. Raliya na tankaɗe a tsakar gida. Da yake mahaifiyarta na Kano, ita ke kula da cimar Alhaji.

"Maigida, lafiya da tsakar rana?"

"Lafiya. Ina ƙoƙon nan naki ƙarami?"

"Baba ya aiko an karɓa jiya, da ɗan zuma. Malaminsa ya yi masa rubutu saboda sabuwar motar nan, ka san bakin mutane." Ta ɗago, ta ga fuskarsa, rariyar ta tsaya a hannunta. "Me ya faru?"

Ya gaya mata duka, har marin da aka yi wa Hammadi.

Can ta ce, "Ka same shi a keɓe mana."

"In ce masa me? Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba? Kuma a gaban jama'a aka mari mutumin nan, a kan maganata. In aka sake shi a ɓoye, har ya mutu ɓarawo ne a bakin 'yan Port Môle."

"Ubana ne fa, Maigida."

"Na sani."

Ta share ido da gefen zane, ta ci gaba da tankaɗe da ƙarfi kamar garin ne ya yi mata laifi. Har ya kai ƙofa ta ce, ba ta juyo ba, "Kada dai ka kama sunansa."

*

Aka sauko daga azahar, aka taru a rumfar sharyo. Alhaji na kan kujera. Sabitu da Ahmadou na tsaye, 'yan dako sun yi cincirindo. An riga an tsayar da taksin da za ta kai Hammadi. Aka fito da shi, kuncinsa a kumbure.

Jika ya tsuguna a inda ya saba, ido a ƙasa, kwanon baƙin ruwa a gabansa.

"Baba, ina neman afuwa, da safe na yi azarɓaɓi. Na ce zaƙi, aka ce sukari, na yi shiru. Ba sukari ba ne. Ga abin da ya fito daga tankin."

Kwanon ya zaga. Wani dattijo cikin 'yan dako ya lasa, ya zaro ido. "Kai! Wannan ai rubutu ne, har da zuma!"

Wuri ya ɗauki guna-guni. Jika ya ce, "Sabitu, ruwa ƙoƙo guda zai kashe mai gazwal?"

"Har lahira. Ruwa ƙasa yake sauka, shi injin zai fara zuƙa."

"Ko da ruwan mai albarka ne?"

"Malam Jika, inji bai san wannan ba."

Jika ya tashi ya ɗage faifan katakon. "Ku leƙa, amma kada ku taka. Wanda ya yi abin nan da makulli ya shigo, bayan asuba. Ya tuɓe takalmi, ya fuskanci alƙibla, ya yi wa motar nan addu'a. An ce masa a shayar da ita, kamar yadda ake shayar da sabon sa ko ingarma a gida. Ya nemi bakinta, ya ga murfi ɗaya, ya buɗe ya zuba. Ba maƙiyi ba ne. Duk wurin nan babu mai son motar nan kamarsa."

Aka leƙa, aka ga sawu, amma wa ya iya karanta sawu? Kowa ya ga ƙafa ce kawai irin ta kowa.

"To wane ne?" in ji Ahmadou.

Jika ya koma ya tsuguna. Ya jira. Yana kallon ƙafafun nan biyu a cikin takalmansu na fata, yana ganin karkataccen yatsan na motsi, yana lanƙwashewa yana miƙewa. Ya roƙi Allah a ransa mai ƙafar ya yi magana. Direban taksi ya danna oda. Sabitu ya kama hannun Hammadi.

"Ko ma wane ne, a can kamisariya sa tantance," in ji Sabitu. "Mu je."

Sai Jika ya ɗaga kai.

A hankali ya ɗaga shi, kamar mai ɗauke da buhun siminti a wuya, ya wuce gwiwa, ya wuce aljihun riga, ya wuce gemu, ya sauke idonsa cikin idon surukinsa. Ashe Alhaji tsoho ne haka? Ashe da furfura har a gira? Hawaye ya zubo wa Jika, bai share ba, bai kuma kawar da kai ba.

Duk Bahaushen da ke wurin ya ga abin da ya faru, ya kuma gane. Dattijon nan ya ce, "Innalillahi," ya juya baya. Sabitu ya saki hannun Hammadi kamar ya taɓa wuta.

Alhaji ne ya fara sunkuyar da kai.

"Ƙafata ce," ya ce, da kyar ake ji. "Ni na zuba. Na ce a raina rubutu ba ya ɓarna. Da aka ce sukari sai na ji sanyi, na ce to, ashe ba ni ba ne, wani ya biyo bayana."

Ya miƙe, ya tuɓe takalmansa a gaban kowa, ya taka har gaban Hammadi, ya tsuguna. Alhaji guda, mai sito, a gaban ɗan dako.

"Ka yafe mini, Hammadi."

Hammadi ya dube shi daga sama. Ba ihu, ba zagi.

"Patiron, da aka mare ni, kana sane da ƙoƙon nan?"

Alhaji ya kafe ƙasa da ido. Hammadi ya jira, ya ga amsa ba za ta zo ba. Ya sunkuya ya tsince ƙwayoyin sukarinsa da aka tattake tun safe, ya hure musu ƙasa, ya mayar aljihu.

"Allah ya yafe mana duka," ya ce. Ya dubi yaransa 'yan dako. "Ku tashi, shinkafar nan ba za ta kai kanta ciki ba."

*

Zaɓe dai ya zaɓi kansa. Mai gazwal ta zama ta Alhaji, aka yi mata aiki ta tashi, ta yi shekaru tana hawa gangaren bakin ruwa. 'Yan dako, da ba sa raina abin tsokana, suka sa mata suna Sha-Rubutu, suna cewa mai gas ta tsira ne don ba ta da baki. Amma ba a faɗa in Hammadi na kusa, don shi bai taɓa dariyar ba.

Jika kuwa daga ranar ya daina bin sawu. In aka zo nemansa sai ya ce idonsa ya yi rauni. Ranar Juma'a yakan je gaida surukinsa a Alibandeng kamar kullum, ya tuɓe takalmi daga nesa, ya tsuguna, ya ce, "Baba, an wuni lafiya?" Alhaji ya amsa. Raliya ce ta lura da abin da ya canza, ranar da ta leƙo da kwanon abinci: da can mutum ɗaya ne ke kallon ƙasa a zauren nan, yanzu su biyu ne.